Yadda Ake Sa Git a Kwamfutar Ofis

Kowane magatakarda ya san wahalar takardar da aka yi ta gyarawa har aka rasa wadda ita ce ta ƙarshe. A zamanin tafireta akan ajiye kwafi a cikin fayil. Da aiki ya koma kwamfuta kuwa, sabon gyara yakan shafe na da, ko alama ba ya bari. Domin maganin wannan ne aka ƙirƙiro manhajojin adana tarihin gyara. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Git, wadda Linus Torvalds, haifaffen ƙasar Finlan, ya rubuta a shekarar 2005. Kyauta ce, ba a biyan ko kwabo.

Mai kwamfutar Windows sai ya shiga git-scm.com, ya sauke fayil ɗin sakawa, ya buɗe shi. Tambayoyi da dama za su fito, amma ga sabon shiga zaɓin da aka riga aka yi masa ya isa, ban da guda ɗaya. Inda aka tambayi manhajar rubutu, gara ya ɗauki Notepad, domin Vim da aka sa tun farko takan rikita wanda bai saba da ita ba, har hanyar fita ta gagare shi. Mai Ubuntu kuwa umurni ɗaya ya ishe shi, watau sudo apt install git. In an gama, sai a rubuta git --version. Fitowar lamba ita ce shaidar ta zauna.

Sa'an nan lalle ne ma'aikaci ya gaya mata sunansa da adireshin imel ɗinsa, da umurnin git config --global user.name da kuma user.email. Wannan tamkar sa hannu ne a rajista: kowane gyara zai ɗauki sunan mai shi da ranar da aka yi shi.

A lura, Git ba ta adana kome da kanta. Sai an buɗe mata rajista a jakar aiki da git init, an miƙa mata fayil da git add, an tabbatar da git commit. Abin da ba a miƙa ba, ba ta san da shi ba. Duk wannan ba ya bukatar intanet. Amma tarihin yana zaune ne a wata ɓoyayyiyar jaka mai suna .git, cikin kwamfutar nan dai, saboda haka in ta lalace tare za su tafi, sai fa in an ajiye kwafi a wata na'ura dabam.