Darasi: ruwan hadari guda, da yadda yake zama ambaliya

Ƴan uwa manoma, darasinmu na wannan karo a kan babban hadari ne, irin wanda ke tasowa daga gabas da iska da tsawa, ya zubar da ruwan mako biyu cikin awa guda. Mine ne ke sa wani ya wuce lafiya, wani kuma ya cika ƙorama har ta ci gona da gida?

1. Kwarin ruwa

Kowace ƙorama tana da ƙasarta, wato duk tudu da fako da gonakin da ruwansu ke gangarowa cikinta. Shi muke kira kwarin ruwa, da faransanci "bassin versant". Kamar ƙwarya yake: abin da ya zuba a gefe, tsakiya zai taru. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, shi ya sa yana iya cika alhali ko ɗigo bai sauka Maraɗi ba. Haka a Yamai: cikin Satumba na 2020 kogin Isa ya kai wajen metir 7, ya shiga unguwanni da gonakin shinkafa. Ruwa mai yawa ya biyo rassa irin su Sirba, wadda ke fitowa daga Burkina Faso.

2. Lissafi

Milimetir 1 a ma'aunin ruwa, litir 1 ne bisa kowane murabba'in metir. A hekta guda litir 10.000 ke nan, wato tano 50 mai litir 200.

Ga misali. A ce kwarin garinku hekta 1.000 ne, hadari ya zubar da milimetir 60. Kowace hekta ta samu tano 3.000, kwarin duka tano miliyan 3. In jigawa ce mai ciyawa da itace, ƙasa ta sha kashi 9 cikin 10, tano 300.000 ne za su bi ƙorama. In fako ne, rabi ya gudu, tano miliyan ɗaya da rabi ne. Ruwan sama iri ɗaya, amma ambaliya ta ninka sau 5.

Wannan ne masana suka lura da shi bayan farin 1973 da na 1984: ruwan sama ya ragu, amma ƙoramu da yawa sun ƙara gudu, domin itace ya mutu, ƙasa ta yi ɓawo ba ta shan ruwa.

3. Abin da za ku rubuta

Bayan kowane hadari, mai kula da ma'auni ya rubuta abu huɗu cikin kaye:
- milimetir nawa aka samu;
- lokacin da ruwa ya soma da lokacin da ya ɗauke, don milimetir 60 cikin awa guda sun fi na yini guda ɓarna;
- ko ƙasa ta riga ta jiƙe da ruwan jiya;
- inda ruwa ya kai a jikin sandar da aka kafa bakin ƙorama, da lokacin da ya kai can.

Tazarar da ke tsakanin saukar ruwa da cikar ƙorama ita ce lokacin da kuke da shi na kwashe yara da bisashe. Mutanen tudu su sanar da na gangare da gaggawa.

4. Magani

Ana tare ruwa tun daga tudu, kafin ya yi ƙarfi: jeren duwatsu a gicciye, rabin wata bisa fako, tassa da taki a ciki, da barin ƴan itatuwa lokacin sassabe. Aikin da aka soma a Keita cikin 1984 ya nuna fako na iya komawa gona. Kada a gina ɗaki ko rumbu cikin tsohuwar hanyar ruwa, ko ta shekara 20 a bushe.

Ku tattauna wannan darasi a taron masu saurare, ku kai tambayoyinku ga malamin gona. Allah ya ba mu damina mai albarka.