Ƙwaya ce ko taɓin hankali? A kai shi inda za a duba duka biyun

Tambayar iri ɗaya ce, ko daga Dogon Daji ta fito ko daga Kuchi. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai noman rani ko ɗan kabu-kabu. Ya fara haɗiyar taramol don ya jure wunin aiki, daga baya ya haɗa da wiwi. Yanzu ba ya barci, yana surutu shi kaɗai, ya daina cin tuwon gidan wai an zuba masa wani abu. Baffansa ya ce ƙwaya ce, a kai shi gidan mari. Innarsa ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Maƙwabci ya ce a'a, wannan ai na asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ne. Ana nan ana ja-in-ja har damina ta wuce, yaron yana kulle a ɗaki.

Ku ajiye gardamar nan. Ko likitan ƙwaƙwalwa ba ya raba ta a zama ɗaya, domin sau da yawa abubuwan biyu a tare suke, kowanne yana ƙara wa ɗaya ƙarfi. Akwai wanda wiwi ce ta birkita shi, irin wannan idan ya daina sha ya samu magani, cikin kwanaki ko 'yan makonni sai ya lafa. Akwai wanda ciwon ne ya riga ƙwayar: ya daɗe cikin ƙunci da rashin barci, ko yana jin muryoyi a kunnensa ya kasa faɗa wa kowa, sai aboki ya miƙa masa abin da zai ɗan sarara. A ƙauyukan da suka ga harin 'yan bindiga, wanda aka kashe ɗan'uwansa a gabansa, ko aka biya kuɗin fansa aka karɓo shi, ba abin mamaki ba ne ya koma neman barci a kemis. Akwai kuma mai gadon ciwon a dangi, yana kwance, wiwi ta zo ta tashe shi tun yana ɗan makaranta. Hanyar ganewa ita ce a raba shi da abin da yake sha a ƙarƙashin kulawa, a ba shi magani, ma'aikaci ɗaya ya ci gaba da ganinsa. Idan ya yi wata guda babu ƙwaya a jikinsa amma muryoyin ba su tafi ba, likita zai fara zargin ciwo na daban mai buƙatar dogon magani.

Shi ya sa raba aikin gida biyu yake ɓata shi. In an tsare yaro an hana shi ƙwaya kawai, ranar da ya fito abin da ya kai shi gare ta yana nan yana jiransa. In kuma an ba shi maganin ƙwaƙwalwa aka ɓoye wa likita abin da yake sha, ana iya cutar da shi da hannun likitan. Magungunan ciwon damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine, idan suka haɗu da taramol a jiki, suna ƙara haɗarin farfaɗiya. Taramol ɗin ma shi kaɗai yana kayar da mutum idan ya yi yawa, balle irin na bayan fage mai lamba 200 ko 225, alhali na asibiti 50 ne ko 100. Ga kuma Exol, wanda samari ke saye don maye. Asalinsa magani ne da likita kan haɗa wa mai shan haloperidol ko chlorpromazine don kada wuyansa ya sandare ko hannunsa ya riƙa rawa. Likitan da bai san yaron ya saba da Exol ba zai rubuta masa na wata guda, ya shanye cikin kwana biyu.

Matsalar ba ta gidanku kaɗai ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka yi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa wani abin maye a cikin shekara guda, kuma kusan ɗaya cikin biyar ɗinsu shan ya riga ya zame musu ciwo. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba.

Kafin maganar tafiya asibiti, akwai yanayin da ba ya jiran gobe. Idan kun same shi kwance ba ya amsa kira, numfashinsa yana fita a hankali da minshari, baƙin idonsa ya tsuke ya koma ɗan ɗigo, to ƙwayar ta yi masa yawa. Ku kwantar da shi ta gefe, ku nemi mota. Kada a ɗura masa madara ko manja, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin yake wucewa. A asibiti ku faɗi sunan abin da ya sha. Akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashin wanda kodin ko taramol ya danne. Idan farfaɗiya ce, kada a cusa masa cokali a baki, a kawar da abin da zai ji masa rauni kawai. Wanda kuma ya fara cewa ya gaji da duniya, ku ɗauki maganar da gaske, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin feshi da na ciyawa daga inda hannunsa zai kai. A gidan manomi abin nan yana bayan ƙofa ko a ƙarƙashin gado.

In ba gaggawa, ku fara da babban asibitin da ya fi kusa, na Tambuwal ko na Kebbe. A can za a duba ko akwai zazzaɓi, sanƙarau, ciwon suga ko rauni a kai, domin su ma suna rikita mutum har a ɗauka hauka ce. Daga nan ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, a kan hanyar Illela, ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Na san nisan. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, ɗan Kebbe kuma sai ya fito babban titi tukuna, ga kuɗin motar mutum uku. Saboda haka kada tafiyar ta zama ta banza. A tafi da wanda yake kwana gida ɗaya da majinyacin, ba babban wa da ke zaune a birni wanda labari kawai ya ji ba. A tattara kwalabe da fallayen ƙwayar da aka tsinta a aljihunsa ko ƙarƙashin katifa, har da na gargajiya, a zuba a leda a nuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaya wa likita yaushe abin ya fara, me ya riga wani, ko akwai mai irinsa a dangi. Uba ya ba ɗansa wuri ya gana da likita su biyu. Akwai abin da yaro ba zai taɓa faɗa a gaban Baba ba.

Kuskuren da iyaye masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne yanke ƙwaya rana ɗaya a kulle ƙofa. Mai taramol ko kodin zai yi ta hamma da gumi, hanci na zuba, gudawa da ciwon gaɓoɓi, abin da kan ɗauki mako guda ko fiye. Yana da wuya amma da taimakon asibiti ana wuce shi. Wanda ya daɗe a kan diazepam ko roci lamarinsa ya fi haɗari: yankewa farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya har a rasa rai. Shi ragewa ake yi sannu a hankali, bisa lissafin likita.

Gidan mari kuwa ban ba kowa shawararsa ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, kuma a watan Oktoba aka sake ganin irinsa a Daura. Mari yana hana yaro zuwa wurin dila, amma ba ya taɓa ciwon, sai ma ya ƙara masa ƙiyayyar iyayensa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta zamanin Turawa ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Addu'a daban. Babu likitan kirki da zai hana ku ita. Sharaɗi ɗaya ne: malam kada ya ce a ajiye maganin asibiti, kuma babu bulala, babu hayaƙin da zai shaƙe marar lafiya.

Aikin gaske yana farawa ne bayan an sallamo shi. Maganin ƙwaƙwalwa yana ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsa sosai, kuma ranar da yaro ya fara gaisawa da mutane ita ce ranar da gida kan ce ya warke a daina saye. Daga nan ne yawancin komawa ruwa ke farawa. Mutum ɗaya a gida ya riƙe maganin, ya riƙa ba shi a hannu yana kallo. In ya yi nauyin jiki, ko miyau na zuba, ko wuya ya ƙage, a koma a faɗa, ana canzawa ko a rage. Wanda ba ya yarda da ƙwaya kullum, a tambayi likita game da allurar da ake yi sau ɗaya a 'yan makonni, kuma a roƙa a rubuto takarda yadda za a riƙa yi masa ita a asibitin kusa. A nema masa abin yi da wuri, ko da kiwon tumaki biyu ne ko ɗan fili a fadama. Zaman banza a majalisar da ya baro shi ke mayar da shi. Idan ya zame ya sake sha, kada a ce an yi asarar kuɗi a sallama shi. Masu wannan ciwo da yawa sai sun faɗi sun tashi kafin su tsaya. A sanar da likita cikin makon.

Duk maganar nan da namiji na yi ta, amma wancan binciken ya ce ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu sha mace ce. Gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a Mayun 2018, bai kuma ɓace daga ɗakunan mata ba. Amaryar da ke cikin ƙunci, ko mai jegon da ta daina barci tana kuka ba dalili, ta fi kowa saurin a ce mata iska ce, kuma ita ce ta ƙarshe da ake kaiwa asibiti don gudun abin da dangin miji za su ce. Mai jegon da ta fara surutai ko ta ƙi jaririnta, ranar za a kai ta.

Rigakafi a garuruwanmu ba ya buƙatar babban taro. Mai kemis ya daina sayar da fallen ƙwaya ba takarda. Mai gona da ke ɗaukar 'yan ƙwadago ya daina kawar da kai in ya ga ana jefa ta a shayi. Liman da malamin makaranta su yi wa yara bayanin abin da ƙwayar ke yi wa jiki, ba tsinuwa kaɗai ba, tun suna aji shida na firamare. Hukumar NDLEA tana da layin kira kyauta na neman shawara, 0800 1020 3040. Tun 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, na horar da nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da shaye-shaye, su fara magani, su tura wanda ya fi ƙarfinsu. Abin da iyayen ƙasa da kansilolin Tambuwal da Kebbe za su iya nema a rubuce daga ma'aikatar lafiya ta jiha ke nan: a horar da ma'aikata biyu ko uku a kowane babban asibiti, a ajiye magungunan a kantin asibitin, sannan a sa rana ɗaya a wata da likita zai zo daga Kware ya ga waɗanda aka sallamo.