Yadda Ake Saita Ƙaramin Jirgi Mai Saukar Ungulu Na Rimot Ya Daina Fizga

Sau da yawa ba rashin iyawa ke sa sabon matuƙi ya faɗo da jirginsa ba, saitin rimot ɗin ne ya yi zafi. Da an ɗan taɓa sandar tuƙi sai jirgin ya fizge, farfela ta karye. Wurare uku ake gyarawa.

1. Iyakar karkata: A allon rimot ana ganinta da D/R. Mai koyo ya rage ta zuwa wajen kashi 70 cikin 100.

2. Ekspo: Shi ke tausasa tsakiyar sanda ba tare da rage iyakarta ba. A fara da kashi 20 zuwa 30. Amma a kula: a rimot ɗin Spektrum lamba mai alamar + ce ke tausasawa, a na Futaba kuwa mai alamar − ce. Wanda ya juya su zai ƙara wa jirgin zafi ne.

3. Ƙarfin jairo: Idan jela tana kaɗawa hagu da dama da sauri, ƙarfin ya yi yawa. Idan tana sulalewa gefe, ya yi kaɗan.

A riƙa canja abu ɗaya kawai, sannan a gwada a fili, nesa da mutane, lokacin da babu iska.