Kafin ka sayi tsohuwar wuƙar hafsa

Dillalan tsofaffin kaya sun san mai saye na son labari. Sai a kawo maka wuƙa ko takobi a ce na yaƙin Bebeji ne, lokacin da sojojin Kanar Morland suka biyo ta garin a 1903 kan hanyarsu ta zuwa Kano. Kada ka biya kuɗin labari. Nemi tambarin maƙera a jikin ƙarfen. A da, kamfanin Wilkinson na Ingila yakan buga lamba a bayan kaifin takubbansa. Duba ko kuben ya dace da wuƙar, don sau da yawa haɗe-haɗe ake yi. Tsatsa kuwa, maƙeri na iya jawo ta cikin mako guda, don haka ba shaida ba ce.

In ka saya, kada ka goge da yashi; shafa mai kaɗan ka ajiye nesa da laimar damina. Wata doka ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba izini, to ka fara tuntuɓar ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama da ke Kano.