Zuwa Ga Ƙannena Masu Haɗa Aiki da Karatu



Ku nake nufi, masu tashi daga ofis ko shago ko asibiti da la'asar, ku ci tuwo a tsaye, ku buɗe littafi bayan isha'i ido yana lumshewa. Gajiyar jiki da sauƙi. Abin da ya fi cin ku shi ne muryar nan da ke raɗa muku cewa ƙwaƙwalwa ta yi tsatsa, karatu na yara ne.

Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya yi rubutu a 1977 kan yardar da mutum ke yi cewa zai iya wani aiki. Ya ce abin da ya fi gina ta shi ne nasarar da mutum ya samu da hannunsa. Ganin wani irinka ya yi, da kalmar ƙarfafa gwiwa, suna biye da ita.

To, ku duba hannunku. Malamar firamare da ke riƙe aji maƙil da yara tun safe, sannan ta zauna karatun NCE na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ta riga ta ci jarrabawar da ɗan shekara sha takwas bai taɓa gani ba. Ma'aikacin jinyar da ya kwana yana auna magani bai rasa lissafi ba. Sai dai kada zumuɗi ya sa ku ɗora wa kanku kwasa-kwasai fiye da ƙarfinku a zangon farko. Faɗuwa biyu a jere tana karya zuciya. Shafi biyar bayan asuba, kullum, ya fi kwana zaune sau ɗaya a wata, kuma duk aikin da kuka miƙa kan lokaci shaida ce da za ku nuna wa muryar nan.

Za a kawo muku misalin Obasanjo, wanda ya yi digirin digirgir a jami'ar karatu daga gida ta NOUN yana ɗan shekara tamanin. Madalla da shi, amma tsohon shugaban ƙasa ba ya jiran a-daidaita-sahu, ba ya tunanin kuɗin haya. Ku nemi abokin aikinku da ya gama bara da 'ya'ya huɗu a gida, ku tambaye shi yadda ya raba darensa.

Ranar da kuka karanta layi ɗaya sau uku bai shiga ba, barci ne ke bin ku bashi. Ku biya shi, ku tashi da asuba.

Da zarar jadawalin jarrabawa ya fito, ku kai wa shugabanku na wurin aiki tun da wuri, ku kuma gaya wa mutanen gida. Allah ya ba da sa'a.

Wassalam,
Yayanku.