Nasiha ga Mai Niyyar Ziyartar Kangon Dunnottar

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa ƙasar Sikotland, ko don neman ilmi a jami'ar Aberdeen ko don wata hidima ta daban, da wuya ya yi wata guda bai ji an ambata masa Dunnottar ba, wato kangon gidan sarautar nan da ke ɗare bisa wani dutse a bakin bahar, kimanin mil 2 kudu da garin Stonehaven. Kuma da wuya mai ba shi labarin ya rufe baki bai sako zancen fatalwa ba, domin mutanen ƙasar, duk da zurfin ilminsu na zamani, suna son hirar fatalwa tamkar yadda yara ke son tatsuniya.

Hanyar zuwa ba ta da wuya. Daga Aberdeen jirgin ƙasa ba ya cika rabin sa'a zai sauke ka a Stonehaven, daga nan kuwa, in kana da ƙwarin ƙafa, sai ka gangara tashar jiragen ruwa ka kama turbar da ta hau tudu ta bi gefen gaɓa, ka wuce ginin da aka yi don tunawa da mutanen garin da suka mutu a yaƙi. Akwai wurin ajiye mota kusa da kangon, amma ni dai na fi son turbar, saboda ta nan ne gidan ke bayyana maka kaɗan-kaɗan, har ka fahimci dalilin da ya sa zuriyar Keith suka kafa ƙarfinsu a kan wannan dutse mai tsayin ƙafa 160, wanda ruwa ya kusa zagaye shi. Kafin ka kai ƙofa akwai matakala wajen 200, gangara da hawa, don haka dattijo mai ciwon gwiwa ya yi shawara da jikinsa. Ka sa takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa ko da gari ya waye garau, ka kuma bincika kafin ka taso, gama ranar da iska ta yi tsanani rufe wurin ake yi.

To, ga abin da ake faɗa. Mafi shahara ita ce wata mace mai koriyar riga, wadda ake cewa ana ganinta a ɗakin da ake dafa giya a zamanin da, tana kai da kawo kamar mai neman 'ya'yanta da suka ɓace. Wasu sun ce ƙaramar yarinya suka gani a wannan ɗaki, wasu karen farauta da ke ɓacewa kusa da mashiga, wasu kuma wani dogon mutum mai kama da mutanen Nowe yana shiga ɗakin masu gadi. Har akwai masu cewa sun ji muryoyi kamar ana taron shawara a ginin da ake kira masaukin Benholm, alhali babu kowa ciki. Musulmi dai ya san matsayinsa a kan wannan mas'ala, cewa ruhin da ya rabu da jiki yana barzahu, ba ya dawowa yawon kango, aljannu kuwa halitta ce tabbatacciya, kuma tun a gida an hore mu da yin bisimilla da neman tsari in za a shiga kufai. Wannan ya ishe ka guzuri, ba sai ka ja musu da mutanen wurin ba. Sai dai zan ƙara da cewa wanda ya taɓa tsayawa can sa'ad da hazon bahar ɗin nan da suke kira "haar" ya turnuƙe, tsuntsayen ruwa na kuka kamar jarirai, iska na busa ta kafofin bango, ba zai yi mamakin yadda ido da kunne ke ƙaga wa mutum abin da babu ba.

Abin da ya fi fatalwa tayar da tsigar jiki yana nan rubuce cikin tarihi, kuma shi nake so ka ba lokacinka. A shekarar 1685, zamanin Sarki James na Bakwai, aka kora mutum 167, maza 122 da mata 45, aka cusa su cikin wani ɗakin ƙasa a ƙarshen ginin ta wajen bahar, laifinsu kuwa shi ne sun ƙi rantsuwa cewa sarki na da iko a kan al'amarin addininsu. Makonni suka yi a cushe cikin ƙazanta da ƙarancin abinci, har wasu suka mutu. Mutum 25 suka fita ta taga suka bi jikin dutsen, 2 suka zame suka halaka, aka sake kama 15 aka azabtar da su, waɗanda suka dage a kan ƙin rantsuwar kuma aka loda su a jirgi zuwa Amurka, da yawansu ba su kai ba. In ka shiga wannan kurkuku, ka auna faɗinsa da taku, ka ƙiyasta yadda mutum 167 za su kwanta a ciki, sa'an nan ka leƙa tagar ka dubi nisan ƙasa. Ba a rasa masu cewa suna jin nishi a wurin da dare, amma ni da rana tsaka na shiga, ban ji komai ba sai ƙugin ruwa, kuma hakan ma ya ishe ni.

Akwai kuma labari mai daɗi. Lokacin da rundunar wani jagoran yaƙi mai suna Cromwell ta mamaye ƙasar, a wannan gida aka ɓoye kayan sarautar Sikotland, wato kambi da sanda da takobi, aka yi wa gidan ƙawanya wata 8 kafin ya sallama a 1652, amma da maharan suka shiga sai suka tarar wayam. Matar limamin cocin Kinneff, Christian Fletcher, tana cikin waɗanda suka fitar da kayan a asirce, ko da yake ruwayoyi sun saɓa a kan dabarar, aka binne su a ƙarƙashin daɓen cocin har sarauta ta dawo a 1660. Yau suna fadar Edinburgh, cocin kuwa yana nan 'yan mil kaɗan kudu, ga mai mota da sauran lokaci. Rushewar gidan ta biyo bayan wani tawaye da aka yi a 1715, sa'ad da aka ƙwace dukiyar mai shi aka kwashe rufi da katako, sai a ƙarni na 20 iyalin Cowdray suka saya suka gyara abin da ya saura.

Kada ka tsallake shinge don ɗaukar hoto, domin ciyawar bakin gaɓar tana da santsi, kuma ka riƙe hannun yaro gam. Batun salla ma yana bukatar lissafi: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 duhu ya shiga, har Azahar da La'asar da Magariba su zo kusa da juna. Ka yi alwala tun kafin ka bar gari, alƙibla tana tsakanin gabas da kudu, kuma in da hunturu ka je, ka kama hanyar komawa Stonehaven da sauran haske, gama turbar ba ta da fitila.