Takardar CAC Ba Lasisin Karɓar Kuɗin Jama'a Ba Ce

Sau da yawa za ka shiga ofishin masu juya kuɗi, ka tarar da takardar rajistar CAC a cikin firam, an rataye ta bayan kujerar oga. Kada ta ruɗe ka. Aikin CAC yi wa kamfani rajista ne kawai. Izinin karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari kuwa hurumin hukumar SEC ne.

A watan Maris na 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari, wadda ta maye gurbin ta 2007. Dokar ta haramta tsarin Ponzi, wato biyan tsofaffin masu zubi da kuɗin sababbi, ta kuma tanadar wa masu shirya shi ɗauri da tara mai tsanani. Harkar kirifto ma ta shigo ƙarƙashin SEC.

Mai kamfani, nemi rajistar SEC kafin ka taɓa kwabon kowa. Mai zubi, duba sunan kamfanin a shafin hukumar, ka tuna yadda tsarin Ponzi na MMM ya cinye dukiyar mutane a 2016. Idan babu sunan, riƙe kuɗinka.